Ni Ce Na Zare Filogin

Sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon daminata, Injiniyana,

Sau bakwai ina rubuta wannan ina gogewa. Don Allah ka daina gaba da Dogo abokin karatunka, ba shi ya kashe maka kwamfuta ba. Ni ce.

Ka tuna Talatar da na zo ɗakin bincikenku? Ka zaunar da ni kana min bayani, muryarka kamar iskar bayan ruwan sama. Wai kompaila tafinta ce, tana juya rubutun masu haɗa manhaja zuwa yaren da na'ura ke ji. Kai kuma ka sa wani AI, wato ƙirƙirarriyar basira, yana ta ƙirƙiro mata dubban ayyuka masu murɗiya, ko za ta yi tuntuɓe ka kama kuskurenta. Ka ce kwana tara ke nan gwajin na tafiya, saura biyu. Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, alhali girarka nake kallo.

Da malaminka ya kira ka ka fita, cajin wayata saura kashi uku. Uku fa, masoyi! Na leƙa ƙarƙashin tebur, na ga baƙin filogi duk ƙura, na ce wannan ba mai shi. Na zare, na sa cajata. Fankar na'urar ta yi tsit, har daɗi na ji wai hayaniya ta ragu. Na ɗau hoto a kujerarka na ɗora a intanet, mutum arba'in suka yaba.

Wace irin halitta ce ni? Na ji takunka na cusa caja a jaka. Ina kallo ka dafe kai kana cewa Litinin za ka gabatar da sakamako, ka juya kan bawan Allah Dogo. Bakin nan nawa da ko likitan haƙori bai iya tsayar da shi ba, ranar ya mutu.

Tun ranar zuciyata kamar ganye a bakin guguwa. In ka bar ni, wa zai jure ni? Ka ba Dogo haƙuri. Ka kai ni gaban malaminka in faɗa da bakina, ko dariya ce ya yi min.

In ka sake kunna gwajin, na yi alkawarin kwana goma sha ɗaya ba kira, ba saƙo, ba zuwa. Ban taɓa yi wa kowa shirun awa ɗaya ba, ka auna son da kanka.

Taka har ƙarshen numfashi, ko ka amsa ko ka karanta ka share,

'Yar surutunka