Ɓarawon Unguwarmu Rigar Mijina Ce a Jikinsa

Anti Noelene,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, kuma kada ki sa sunana. Shekarata sittin da huɗu, talatin daga ciki a layi ɗaya na yi su a arewacin Adelaide. Ni ce sakatariyar ƙungiyar tsaron unguwarmu, ba don na iya ba, sai don kowa ya ƙi karɓa.

Bana unguwar ta canja. An fasa gilashin motoci biyu, an shiga gidan wata tsohuwa da rana tsaka tana asibiti. Tun daga nan kowa ya kafa kyamara a ƙofa, wayata kuwa ba ta hutawa: wannan ya ga baƙuwar mota, waccan ta ga wani yana leƙen akwatin wasiƙunta. Har mai karanta mitar ruwa an ɗauki hotonsa sau uku. Na gaji, Anti. Da a buɗe muke barin ƙofar baya, yanzu sai na zagaya gida sau biyu ina taɓa sakata kafin in fita sayen madara.

To ga abin da ya faru. A watan Yuni, makon da ƙaramar hukuma ke kwashe tsofaffin kaya, kowa ya fito da tarkacensa bakin titi. Kin san yadda muke yi, abin da aka ajiye a nan na wanda ya riga ɗauka ne. Na fita tafiyar safe cikin sanyi, sanye da ƙatuwar rigar marigayi mijina da hularsa, sai na ga injin yankan ciyawa kusa da wata yagaggiyar katifa a gaban gidan Graeme, maƙwabcinmu na bakin kwana. Nawa ya daɗe da lalacewa. Na turo shi gida ina murna, har ina cewa a raina mutanen yanzu ba su san darajar kaya ba.

Ashe Graeme ajiye shi ya yi ya shiga ɗauko fetur. Kafin rana ta yi tsaka ya sa hoton kyamararsa a dandalin unguwa na waya: wani ƙato, hula har ido, yana tura inji ko sauri ba ya yi. Aka yi ta cewa a dubi ƙarfin halin ɓarawo. Ni kuwa ina gani na gane rigar. Na ce bari ƙura ta lafa zuwa gobe, ga shi yau mako biyar.

Abin da ke cin raina shi ne Tevita, mutumin ƙasar Tonga da ya tare a layinmu bara da iyalinsa, sana'arsa yankan ciyawa. Babu wanda ya rubuta sunansa, amma an yi ta tambayar wa ke buƙatar inji in ba mai sana'ar ba. Gidaje huɗu sun sallame shi. Shekaranjiya ya gaishe ni ta kan shinge, ya ce ciyawata ta yi tsawo, zai yanke mini kyauta tunda ni kaɗai ce. Injin yana rumfata a lulluɓe da bargo, taku goma daga inda yake tsaye. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Ni da hannuna na rubuta a rahoton taro cewa wannan ce sata ta huɗu a bana. Tunanina shi ne in lallaɓa in mayar da injin ba tare da kowa ya gani ba, a wuce wurin. In na fito fili, da wane ido zan kalli mutanen da nake tunatarwa su kulle ƙofa? Graeme kuma bakinsa ba ya rufuwa.

Wadda ta gaji, Adelaide

'Yar'uwata,

Ki fara ajiye wannan: ba ki yi sata ba. Duk wanda ya bar inji kusa da yagaggiyar katifa a makon kwashe kaya, shi ma yana da nasa ganganci, kuma rabin masu zagin ɓarawon nan kujerun lambunsu daga bakin titi suka fito. Kuskuren safiya ɗaya ne. Shirun mako biyar ɗin kuwa naki ne, kuma Tevita ke ɗauke da nauyinsa.

Ban raina tsoronki ba. Mace mai zaman kanta ita kaɗai, maƙwabta su ne danginta, zubewar mutunci a idonsu ba ƙaramin abu ba ne. Su ma maƙwabtan ban ga laifinsu duka ba, an fasa motoci da gaske, an shiga gida da gaske. Sai dai tsoro in ya rasa fuska, ta baƙo yake ara.

Kada ki mayar da injin a ɓoye. Washegari za a ce Tevita ne ya ji wuta ya dawo da shi, kin ga kin ƙarasa shi ke nan. Ki fara zuwa gidansa, ki faɗa masa a gaban matarsa, ki ba shi haƙuri. In ya yi fushi, haƙƙinsa ne. Daga nan ki tura injin zuwa ƙofar Graeme da rana, ki rubuta gaskiya a dandalin da aka sa hoton, ki gyara rahoton ya koma uku. Gidajen nan huɗu kuma ki bi su da ƙafarki ɗaya bayan ɗaya, domin gyara a waya ba ya nisa kamar zargi.

Za a yi miki dariya, Graeme zai ba da labarin a kowane taron gashin nama har Kirsimeti. Wannan ba ya kisa. Ki ci gaba da kulle ƙofa, amma zagaye ɗaya ya isa, muƙamin sakatariyar ma in ya ishe ki ki ajiye musu bayan kin gyara wannan.

Ranar da za ki je gidan Graeme, ki sa rigar nan da hular, ki bi ta gaban kyamararsa a hankali, ki ɗaga kai. Unguwar ta yi mako biyar tana neman fuskar nan, ki bari su ga taki ce. Allah ya sassauta miki, ya mayar wa Tevita da aikinsa.

Noelene