Wanda Ya Tsaya Mini

Daren Laraba, Boɗinga

Alhamdu lillahi, a tabarmata zan kwana, ba a bayan kanta ba.

Da safe muka fita zanga-zanga kan takin zamanin da bai kai hannun manoma ba. Ni tela ne, ba ni da gona, amma in manomi bai samu ba, wa zai kawo ɗinki? 'Yan sanda suka kwashe mu. Ɗan wani Alhaji da ke cikinmu ko zama bai yi ba aka sake shi, waya kawai ubansa ya buga. Gaskiya dai ya sha rana tare da mu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mu kuwa, sai wanda dattijo ya tsaya masa. Ni baƙo daga Gombe, wa gare ni?

Bayan la'asar sai ga Baba Ummaru, mai albasa daga Danchadi, wanda nake yi wa facin riguna. Ya tuɓe takalmi, ya russuna a gaban jami'in 'yan sanda.

"Ranka shi daɗe, wanga ɗana na."

Jami'in ya ce, "Ɗanka da Hausar gabas?"

"Can ya yi karatu, bakin ya lalace."

Aka yi dariya, aka miƙo mini hulata.

Allah ya saka masa. Tun rasuwar babana ban ji an kira ni ɗa ba sai yau.