Dutsen Niƙan da ke Gefen Hotonka

Unguwar Abbare,
Jalingo, Jihar Taraba.
18 ga Afrilu, 1993.

Zuwa ga Yayana Philemon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can ƙasar Meziko. Allah ya tsare ka daga ciwon baƙon wuri, ya buɗe maka kai a kan karatun masarar da aka tura ka, ya dawo mana da kai a Kirsimeti kamar yadda ka alkawarta. Mu nan lafiya lau muke, mun yi Ista cikin kwanciyar hankali. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana zuwa coci ba sanda. Matarka Hope tana nan ƙalau, cikin ya fito sosai, kuma ba ta barin kowa ya taɓa rediyonka. Ruwa sau ɗaya ya yi yayyafi ya ɗauke, zafi kuwa har kwalta na narkewa a gaban shagon facin da nake aiki.

Kafin komai, waccan takardar da na aiko maka a Janairu, in ba ka yaga ta ba ka yaga ta. Na ce gwamnati ta tura ka koyon noma, kai kuma ka tafi kwanciya a yashi kamar kada, mu muna nan muna shan rana. Ka san bakina, yana riga kaina fita. Hutun kwana biyar ne aka ba ka bayan wata uku kana duƙe a gonar gwaji, ba laifinka ba ne. Kuma ga shi hutun nan da na zage ka a kai shi ne ya yi mana aikin da ni na kasa, za ka ji.

Hotunanka uku sun iso ranar Laraba kafin Ista, suka zaga gida hannu zuwa hannu. Na farko, wanda kake tsaye cikin teku ruwa iya gwiwa, Mama ta ce ba ta yarda ba, mai hoto ne ya zuba wa ruwan shuɗi, don ita ruwan da ta sani shi ne na kogin Mayo Gwoi, shi kuma kalar kunu ne. Hope ta ce ka rame, ni na ce a'a, ƙafafunka dama haka suke kamar sandar rake, gajeren wando ne ya tona maka asiri. Na biyu, mai ginin dutse a kan tudu teku na ƙarƙashinsa, shi ya jawo magana. Baba Manga ƙanen Babanmu ya daɗe yana kallo, sai ya ce ashe Turawan can ma rowa gare su, sun rasa inda za su kai baƙo hutu sai kango, ko rufi babu. Na gaya masa ba Turawa ba ne suka gina shi, wasu mutanen can ne da ake kira Maya, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma masarar da yake tinƙaho da ita daga wancan yankin ta fito. Na karanta wannan a wata tsohuwar mujalla da na tsinta wajen mai tsire, rabin shafukanta sun tafi da nama, sauran na bi su da ƙamus kalma kalma. Ya ce wai ni ɗan aji huɗu ne zan koya masa asalin masara. Na haɗiye, don akwai babbar rigima a tsakaninmu wadda ban gaya maka ba.

Ga ta nan. Tun da aka ba mu jiha, kowa gini yake yi a Jalingo, dutse ya zama abin nema. Wani mai tifa da ake kira Lawali ya gano tsohon kufanmu na kan dutse, can hanyar Pantisawa, inda kakanninmu suka zauna kafin a sauko. Ya ga duwatsu a jere, an riga an tara masa su, ba sai ya haƙa ba. Baba Manga ya ba shi izini ba tare da ya tambayi kowa ba, wai shi ne babba tun da Babanmu ya rasu. Kafin in ji labari, katangar dutsen da ke daga ƙasa duka ta tafi, wadda muke hawa muna cin ɗinya muna yara. Yanzu ta zama harsashin ginin wani ofis. Saura katangar sama, da gindin rumbuna, da babban falalen nan mai ramukan niƙa, wanda suka ce za su hura masa wuta su fasa. Yaya, na yi hauka. Na gaya wa Baba Manga a gaban mutane cewa da tifa na ɗaukar ƙashi, da ya loda mata na ubansa. Mama ta sa na durƙusa na ba shi haƙuri, na bayar, amma maganar fasa dutse ba ta canja ba. Na je wajen Kaka Dokas, tunda ita uwarsa ce kuma a can aka haife ta, ta ce in rabu da ita. Ka san tun da aka yi mata baftisma ba ta sake hawa dutsen ba, shekara arba'in ke nan, ta ce ta bar wurin da abubuwan da ke cikinsa.

To, sai hoto na uku, wanda kake shan ruwan kwakwa kana dariya. Kowa kai yake kallo. Da ya kai hannun Kaka, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta sa shi dab da idonta, ta tsallake ka, ta tsallake teku, ta ɗora yatsa a can gefe inda wani dutse yake a ƙasa an kewaye shi da igiya. Ta tambaya dutsen niƙan wace ce wannan. Ni ban ma lura da shi ba. Ta ce ko wace ce, mace ce mai babban gida, don dutse ba ya lotsawa haka sai an ciyar da baki da yawa, kuma hannunta na hagu ya fi ƙarfi, ga yadda ramin ya karkata. Sai ta tambaya me ya sa aka ɗaure shi da igiya kamar akuya. Na ce don kada a taka shi ne, mutane suna hawa jirgin sama daga ƙasashe su zo su gan shi. Ta ce su ga me, su yi masa tsafi? Na ce a'a, su gani kawai, su san an yi mutane a wurin. Sai ta sa hoton cikin Littafinta Mai Tsarki, ta hana kowa. Har yanzu Hope na jin haushi.

Ranar Talata bayan Ista da sassafe ta aiko a kira ni, ta ce in nemo mashin. Na ɗauke ta har gindin dutse, daga nan muka hau da ƙafa, tana hutawa tana zagina wai ina sauri kamar wanda ya yi sata. Mun tarar da Lawali da mutanensa sun tara itace a kan falalen, Baba Manga na tsaye. Na buɗe baki, ta ce in rufe shi, yau ba ranata ba ce. Ta ture itacen da sandarta, ta durƙusa a gaban wani rami, gwiwoyinta suka faɗa daidai cikin wasu ƙananan lotsawa biyu da ban taɓa kula da su ba. Ta ce wannan na uwarta ne. Ta nuna wani ɗan ƙarami a gefensa, ta ce wannan nata ne, a nan aka koya mata niƙa tana shekara shida, kuma a nan naƙudar Manga ta kama ta tana niƙa dawa, ba ta tashi ba sai da ta gama. Daga nan ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunan mai kowanne, da wanda ta aura, da abin da ya kashe ta. Goma sha ɗaya ne. Biyu ta manta, ta tsaya a kansu ta yi kuka.

Lawali, Allah ya saka masa, shi ya fara magana. Ya ce shi dutse ya zo saya, ba a gaya masa akwai masu shi a kai ba, kuma ba zai sa guduma a inda tsohuwa ta durƙusa ba. Ya sa aka kwashe itacen. Baba Manga bai ce na yi gaskiya ba, kuma ban sa rai zai faɗa ba. Amma ya tsuguna ya share ƙasar da ke cikin ƙaramin ramin da hannunsa. Da muka sauko ya ce ya dakatar da maganar har zuwa bikin cin sabuwar doya, kuma tunda kai ne ɗan farin yayansa, zai ji ta bakinka. In ka ce a bari, a bari. In ka yi shiru, zai ɗauka ka yarda, tifa ta koma.

Shi ya sa nake roƙonka ka rubuta masa takarda tasa ta kansa, da sunansa a bayan ambulan, kada ta biyo ta hannuna. Ka san takarda tana cin wata guda a hanya, kada ka jinkirta. Ka rubuta da irin harshenka mai sanyi, ka gaishe shi sosai, ka ce masa shi ne uba. Ni in na rubuta, wuta za ta sake tashi. Kuma in ka samu dama ka tambayar mini yadda suke kula da nasu wurin, wa ke share shi, me suke rubutawa a allunan da ke gefe. Ba na mafarkin jirgi zai kawo mana kowa, teku ba mu da shi. Amma ɗan da Hope za ta haifa, ina so ya samu abin da zai hau ya gani.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka daina shiga ruwan nan. Hope ta ce tata takardar tana tafe daban, ba ta yarda da ni ba. Godiya ƙanwarmu ta ce ka kawo mata irin farin yashin ko cikin kwalba ne. Baba Manga ma ya ce a gaishe ka, da kansa ya faɗa.

Kaka kuma ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita sau biyu. Ta ce ka koma wurin masu igiyar ka tambayo mata sunan matar nan mai dutsen, tana so ta sa ta cikin addu'a. Ban iya gaya mata cewa a iya karatuna babu wanda ya san sunanta ba. Sai dai na sayi littafin rubutu, kullum in na tashi daga shago ina zama kusa da ita tana faɗin sunayen matan da ke da ramukan ina rubutawa. Tara muke da su. Jiya tana tsintar wake ta ɗaga kai ta kira ni da ƙarfi, ta ce in kawo biro maza, ta tuna ta goma.

Ni ne ƙanenka,
Matiyu.