Takunka a Gonar Masakwa

Wuro Jam, ƙarshen damina

Zuwa ga maigidana, Baban Jebba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na gonar koko. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Goggo tana gaishe da ɗanta, ƙafarta ta yi sauƙi.

Ka ce a Kudu ruwa ba ya ɗaukewa, abinci duk a ƙarƙashin ƙasa yake, wai har ayaba ake kirɓawa a ci da miya. Ƙasar da ba rumbu ko ɗaya, ta yaya hankalin mutum zai kwanta? Na san ka rame, kada ka ɓoye mini.

Ruwa ya janye daga karal, fadamar gonakinmu, laka ta fara tsagewa. Irin masakwa, dawarmu ta rani, da na yafa ya kai tsawon hannu, kai kuwa ka ce kafin ya kai haka za ka dawo. Jauro mai gari ya aiko cewa duk gonar da mai ita bai zo ya dasa ba bana, za a ba wani. Sali mai shago har ya fara zuwa yana tsayawa a bakin tamu kamar wanda ya zo zance.

Ka taho, don Allah.

Matarka,
Dudu

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ruwan da ba ya ƙarewa? Shiru ban ji daga gare ka ba.

Kowa ya fita dashe bibbiyu, miji a gaba yana huda rami, mata a baya tana zuba ruwa tana sa iri. Da na ga danshi zai gudu, sai na ɗauki sandarka ta huda rami. Nauyinta ya ba ni mamaki, ashe haka kake fama ba ka taɓa faɗa ba.

Na yi layi kaɗan ina jin kaina, sai Goggo ta ɗaga murya daga gindin tsamiya: "Ke Dudu, albasa kike dasawa? Masakwa ba ta ganin ruwan sama, danshin ƙasa take sha. Kin cunkusa su haka, ai ƙishirwa za ta kashe su gaba ɗaya!"

Gaskiyarta. Takuna gajere ne, ramukan sun matsu. Na tuge su duka, na zauna a kan laka na yi kuka, kuma ba don masakwa kaɗai ba.

Taka,
Dudu

Baban Jebba,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa shirunka na lafiya ne.

Gona ta dasu. Washegari na tuna cewa tun aurenmu a bayanka nake tafiya da tulu, idona a kan dugaduganka. Sai na buɗe ƙafa na yi irin tafiyarka, har da jan hagun nan da nake yi maka dariya a kai. In na kai ƙarshen layi sai in juya, ba kowa a bayana, in koma in bi ramukan da ruwa da iri.

Jiya Jauro ya zo zagaye, Sali na biye da shi. Ya daɗe yana duban layukan, sannan ya kama sunanka, wanda ni ba na faɗa, ya ce: "Au, ashe ɗan banzan ya dawo bai zo ya gaishe ni ba? Wannan ai takunsa ne, dubi yadda layin ya karkata wajen tsamiya. Sali, mu je, gonar nan da mai ita."

Na sunkuyar da kai kawai, don a lokacin ni ma na ɗan yarda cewa ka dawo.

Yanzu Jauro yana jiran gaisuwarka, Jebba kuma ta ji a gari cewa babanta ya iso, tana ta leƙa ɗakinka. Gonar ta tsira, ni ce ban tsira ba. Ka zo kafin masakwa ta fitar da kai, ka mayar da maganar nan gaskiya.

Matarka mai jiranka,
Dudu