Ƙofar Halwar Abdulsamad

Yalwan Damai, Talata

Zuwa ga Yaya Raliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Ta iya shan kunun kuwa? Allah ya ba ta sauƙi. Nan babu sabis, shi ya sa na ba direban Gwaram wannan takarda.

Na iso zawiyar Shehu Manu da hantsi, amma ban ga ƙanenmu Abdulsamad ba. Wai ya shiga halwar kwana arba'in, yau kwanansa talatin da biyar a wani ɗaki kamar rumbu. Ba ya magana da kowa, ta ƙarƙashin ƙofa ake tura masa abinci. Ba mai fito da shi sai Shehu.

Ganin Shehun ma da ƙa'ida. Sai ka cire takalmi tun daga gindin kuka, ka zauna a ƙasa cikin layi, ka faɗi bukatarka kowa yana ji. Kin san ni. Da baro na fara a kasuwar Gwaram, yau injin shinkafa uku gare ni, ban taɓa durƙusa wa mutum ba. Na ce wa muƙaddaminsa ya sanar Alhaji Abdulsalami ya zo tafiya da ƙanensa. Ciwon uwata ba abin talla ba ne. Ki ce wa Inna gobe muna tafe.

Naki, Abdulsalami

Yalwan Damai, Laraba

Yaya Raliya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Takardarki ta iso. Na karanta inda kika ce ta daina cin komai, sunan Abdulsamad kawai take kira. 

Na kai wa Shehu rago, aka yanka aka raba wa baƙi, har ni aka miƙo wa tsoka. Na yi alkawarin kwanon rufin masallaci, muƙaddamin ya yi godiya, ya sake nuna mini layin. Ya ce masu zuwa janye 'yan'uwansu suna da yawa, Shehu ba ya katse wa mutum halwa don wani ya zo da mota.

Na tsaya bayan ɗakin halwar na yi ta kiran sunan Abdulsamad. Aka ce ba wannan ɗakin ba ne, aka janye ni kamar mahaukaci. Yaya, ni na kore shi daga injin, ni na kira shi cima-zaune a gaban leburori. Da wane baki zan zauna gaban malaminsa ina roƙo? Ki riƙa jiƙa wa Inna leɓe. Ki ce hanya ce ta ɓaci.

Ƙanenki, Abdulsalami

Yalwan Damai, Alhamis

Yaya,

Ina fatan wannan ta same ku da sauran numfashi a ɗakin.

Da safe na cire takalmin. Na zauna tsakanin wata mai goyo da wani makaho. Da layi ya zo kaina, na ce uwarmu ce ke bakin mutuwa, ban iya ƙarasawa ba. Shehu tsoho ne ƙanƙani, sai an ɗaga shi yake tashi, amma bai jira kowa ba. Ya dogara sanda har ƙofar halwar, ya buga da kansa, ya ce wa Abdulsamad ya fito, sauran kwanakin a gaban uwarsa zai cika su. Sannan ya juyo ya tambaye ni yaushe na zo. Na faɗa masa. Ya ce da na faɗi ciwon uwarmu ran Talata, da ran Talatar ya buɗe.

Ruwan jiya ya cinye hanya, motata ta kafe. Babur ɗaya aka samu. Na ɗora Abdulsamad, shi zai ba ki wannan. Ya rame sosai, kada ki tsorata. Ni zan biyo a ƙafa har titi.

Ya rungume ni, yana ta godiya wai na yi saurin zuwa. Bai sani ba. Idan ya sami Inna da rai, ki bar maganar. Idan bai same ta ba, kada ki ce hanya ce. Ki ba shi takardun nan uku ya karanta.

Abdulsalami