Baƙin Man da Aka Zuba a Marinarmu

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Tsaftar Unguwarmu, Azare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya da iyali, da ƙoƙarin jama'a.

Sunana Sabo, acaɓa nake yi tsakanin Chinade da Azare. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun. Na sha zuwa ƙofar gidanka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuta a fili.

Ina cikin samarin sa-kai da suka tono tsohuwar marinar da ke bayan masallacin unguwa. A nan kakana ya yi rini. Da muka taso bola ce, sai awaki. Ranin bara muka kwashe sharar da hannunmu, muka samu rijiyoyi huɗu da ba su rushe ba. Malam Buba, marini na ƙarshe da ya rage mana, ya yarda ya koya mana, duk da idonsa ya yi rauni.

Na ɗaya. Ranar wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah, yaran kwamitinka suka zo ba kowa, domin a al'adar Malam Buba ba a buɗe rijiya ran Juma'a. Suka ɗaga murfi, suka ga baƙin ruwa da kumfa da wari, sai suka tuttula baƙin man inji a rijiyoyi uku, yadda ake yi wa kwata saboda sauro. Ta huɗun tana ƙarƙashin tsohon kwano, ba su gan ta ba. Ban ce mugunta ce ba. Da ni ne shekara biyu baya, abin da zan yi ke nan. Amma ruwan ba ƙazanta ba ne, baban rini ne da toka. Kullum da safe, ban da Juma'a, ni ke juya shi da muciya kafin in hau babur, ban taɓa ganin ɗan sauro a ciki ba.

Na biyu, wannan ya fi ciwo. Tulin da suka kwashe a gefe suna zaton shara ce, katsi ne, wato lakar da ke kwanta a gindin rijiya bayan rini. Ita ake ƙonawa a yi wa bangon rijiya daɓe. Yanzu mai ya shiga bangon, sai an kankare an sake shafewa, ga shi ba katsi. Tun zamanin kakana yake tare a wurin, ba kuma sayar da shi ake yi a kasuwa ba. Na ga inda aka kai shi. An cike ramin kan titi da shi, kullum ta kansa nake bi da fasinja.

Na uku. Mun ji ana cewa kwamiti ya yanke a cike rijiyoyin duka kafin damina, don kada yaro ya faɗa. Tsoron gaskiya ne. Sai dai ɗan Malam Buba ya ce idan aka rufe marinar, zai ɗauke mahaifinsa ya koma da shi Giade. Mu kuwa ko sanin lokacin da ruwa ya nuna ba mu gama koya ba. Shi Malam Buba da harshe yake ganewa.

Roƙonmu ga shi, ranka ya daɗe. A dakatar da cikewar. A bar mu mu haƙo katsinmu, mu za mu nemo jar ƙasa mu mayar a ramin titin. Katanga da ƙofa kuma mun ɗauka, akwai magini a cikinmu. Sannan duk ranar da yaran kwamiti za su fito aiki, a leƙa gidan Malam Buba a tambaye shi tukuna, ba nisa.

Malam Buba ya zo marinar washegarin zuba man. Ya laluba bakin rijiyoyin, ya sunsuna yatsunsa, ya koma gindin ta huɗun ya zauna. Jiya ya tambaye ni ko akwai amfanin a ci gaba da juya ta. Na ce masa akwai. Alhaji, ban taɓa yi wa dattijon nan ƙarya ba, kada ta zama wannan ce ta farko.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama da jama'a lafiya.

Wassalam.

Sabo mai acaɓa,
a madadin samarin marina.