Laifin Ruwan Milano Ne

Litinin, 6 ga Mayu

Mun iso Milano. Tun daga Napoli mijina Aniello bai ce uffan ba sai da jirgin ƙasan ya wuce Roma, sannan ya ce kujera ta yi tauri. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a tsaye yana aiki cikin jirgin ruwan tsibirin Procida, yau kujera ce ta dame shi. Ɗakin da muka kama yana bayan asibiti, tagarsa na kallon bangon wasu. Gobe za a fara gasa masa maƙogwaro da hasken na'ura. Ciwon daji. Na rubuta sunan a nan, tunda a baki "abin nan" muke ce masa.

Na kasa zama. Na goge kicin ɗin da na tarar a goge.

Alhamis, 9 ga Mayu

Likitar yarinya ce, ba ta ma kai 'yarmu Annarella ba, amma ba ta da kwana-kwana. Ta ɗora shi a sikeli, ta ce gashin zai ƙona baki, haɗiya za ta yi wuya, kuma in nauyinsa ya ci gaba da sauka dole su huda cikinsa su sa robar abinci. A gabanta sai "to, likita" yake yi kamar ɗan makaranta. Muna saukowa bene ya ce min ranar da aka kawo robar nan, ranar zai hau jirgi ya koma gida, gashi ya ƙare. Na san mijina. Ba ya maimaita magana.

Na ce to me zai ci. Ya ce romon asibiti dai a kai wa mai shi. Pizza yake so, marinara, irin wadda yake ci a bakin tashar jirgin ruwa in ya sauko aiki: tumatir, tafarnuwa, man zaitun, ko cuku babu. Mai laushi, wadda za a ninke huɗu kamar hankici. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Ni da bakina.

Asabar, 11 ga Mayu

Na zaga unguwar nan kaf. Ina shiga wuri tanderu nake fara dubawa, in ban ga itace a jibge ba na juya. Ɗaya na lantarki ne. Ɗaya kuma da almakashi suke yanka ta su ɗora a sikeli, sai ka ce yadi. Na uku akwai itace, na zauna, aka kawo, na ɗaga gefenta na leƙa ƙarƙashi kamar yadda babana ya koya min. Fari fat, ko ɗigon ƙuna babu. Na ninke, ta karye ƙaras. Mai hidimar ya ce ko akwai matsala ne, na ce babu, biskit ɗinsu ya yi kyau.

Duk da haka na kawo wa Aniello. Ya shinshina ya ture.

Litinin, 13 ga Mayu

Ya ƙara huda bel da ƙusa. Yana tsammanin ban gani ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Wani wuri kusa da babban coci, cike da masu yawon buɗe ido. Sunan wurin sunan garinmu ne, har da hoton dutsenmu mai aman wuta a bango, amma mai kwaɓin da muciyar murji yake murza fulawa. Muciya! Da uwata ta gani da ta yi alamar gicciye. Ban ko zauna ba.

Aniello ya ce in daina wahalar da ƙafata, ruwan garin nan ne. Kowa a gida ya san haka: ruwanmu ne ke tayar da kwaɓi, shi ya sa kofi ma ba ya yi sai a Napoli. Na ce ruwa ko ba ruwa, gari mai girma haka ba za a rasa mutum ɗaya mai tsoron Allah ba.

Annarella ta kira da yamma. Ta tambayi babanta, sannan ta ce, "Ke fa, Mama, kina ci?" Na ce ta kula da 'ya'yanta. Ta yaya zan zauna ina tauna a gaban mutumin da ko yawunsa da ƙyar yake haɗiyewa? A tsaye nake ɗan gutsurar burodi a kicin, in na tuna.

Juma'a, 17 ga Mayu

Sikeli ya sauka. Likita rubutu kawai ta yi. Gara ta yi faɗa.

Wuyansa ya yi ja kamar wanda ruwan zafi ya zubo wa. Yana ɗaura ɗan gyale a kai, cikin wannan ɗumin.

Talata, 21 ga Mayu

A ɗakin jira na ji wata mata tana zagin injin kofi da irin harshenmu. 'Yar Salerno ce, can wajenmu, ita ma mijinta ta kawo. Muka rungume juna kamar mun saba. Na faɗa mata abin da nake nema, ta kama hannuna ta rage murya, wai akwai wani mai gidan pizza, Don Catello, mutumin Castellammare kusa da garinmu, can ƙarshen layin taragon cikin gari, bayan gadar jirgin ƙasa. Ta ce kar in kuskura in sa a kwali in kawo. Na ce ni za a koya wa? Pizza a kwali gawa ce.

Daga asibiti na wuce in gani da idona. Itace a jibge har rufi. Tsoho ne gajere, hannunsa kawai yake mara kwaɓin da shi, tas, tas. Ƙamshin ya kusa sa ni kuka a bakin ƙofa. Ban ci ba. Na ce sai tare da Aniello.

Ƙafata na zogi amma na kasa kwanciya, sai kai da kawowa nake tsakanin taga da ƙofa.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya yi aski, ya sa farar rigarsa. A tarago har tsokanata yake, wai in ta zama biskit zai kai ƙarata wurin limamin cocinmu. Don Catello ya ji harshenmu ya fito da kansa yana goge hannu, aka yi ta tambayar unguwa da dangi, ashe ya sha hawa jirgin su Aniello. Ya ce yau sai ya nuna mana.

Aka kawo biyu. Gefen ya kumbura, da ɗigon ƙuna kamar zanen damisa, man na sheƙi a kan tumatir. Na ɗaga na leƙa ƙarƙashi don al'ada kawai. Na ninke, ta ninku luf. Na gutsura.

Sai ga ni a layinmu na gida, ina yarinya. Ranar Asabar ce, babana ya karɓo albashi, ina tsaye ina hura yatsuna. Tun da aka haife ni ban ci wadda ta fi ta ba, har a gida.

Na ɗago in gaya wa Aniello. Yana tauna. Yana ta tauna, loma ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, hannunsa ya damƙe bakin tebur. Da ƙyar ta wuce. Ya ajiye sauran, ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Kwali ce. Ba gishiri, ba komai. Wannan ita ce kika jawo ni dominta?"

Don Catello ya taho, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ni kuwa a lokacin na gane. Ta ranar Asabar ma da ya ture, ba don ta karye ba ne. Bakin ne ya mutu. Tumatir wuta ne a maƙogwaronsa, ɗanɗano kuma ya tafi, kuma ya fi son ya zagi duk tanderun Milano da ya faɗi haka. Ni ma na fi so. Shi ya sa nake ta yawo.

Tsohon ya dube ni, yana jiran in yi gaskiya, don ya ga fuskata lokacin da na gutsura. Na ture farantina na ce, "Mijina bai yi ƙarya ba. Ba ta yi ba."

Allah ya yafe min. Mutumin bai yi mana komai ba sai alheri.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka kan gyalen Aniello da ya ɗan zame. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kwashe farantan da hannunsa, ya ce, "Kun yi gaskiya, ɗan'uwa. Yau kwaɓin bai tashi ba. Ruwan garin nan ne, me mutum zai yi da shi?"

Aniello ya ce, "Ai na gaya mata."

Muka hau tarago muka dawo.

Juma'a, 24 ga Mayu

Sikeli. Likita ta ce awon mako mai zuwa ne damarsa ta ƙarshe, in ya sake sauka sai roba. Da muka dawo ya sauko da jakarsa daga kan durowa ya ajiye a bakin gado. Bai sa komai a ciki ba tukuna.

Asabar, 25 ga Mayu

Ina tsoro. Shi ke nan abin da zan rubuta.

Lahadi, 26 ga Mayu

Bayan coci na koma wurin Don Catello ni kaɗai in ba shi haƙuri. Bai bari na gama ba. Ya ce babansa ma haka ya yi a ƙarshe, miyar matarsa ya yi ta zagi. Ya nuna min wani ɗan shago a tsallaken titi, ya ce in je wurin Oriella, mai jelato. Na ce Aniello ba ya shan jelato, a wurinsa askirim na yara ne da 'yan mata, namiji ba ya tafiya a titi yana lasar abu. Ya ce, "Donna Filomena, wa ya ce ki ba shi?"

Na leƙa. Ba irin masu tula shi tsibi-tsibi kala-kala a gilashi ba ne, nata a tukwanen ƙarfe yake, a rufe. Na ce ta buɗe min na gyaɗar fistashiyo, don a nan ake kama maƙaryaci. Ba kore shar ba ne, launin ƙasa-ƙasa ne. To, ta iya. Doguwa ce 'yar kan duwatsun arewa, maganarta a ƙirge. Na faɗa mata kaɗan daga halin da mijina ke ciki, ta ce ban da lemon tsami, ban da mai gyaɗa-gyaɗa, na madara zalla.

Litinin, 27 ga Mayu

Na ce masa an kwatanta min wani gidan pizza a waccan unguwar, ya raka ni. Ya yi mita amma ya tashi. Muka sauka, na ce zafi ya dame ni, na sayo jelato babba, na madara, a wurin Oriella, muka zauna a benci. Na lasa kaɗan, na ce ya riƙe min, dutse ya shiga takalmina.

Ban taɓa daɗewa ina cire takalmi irin na yau ba. Na kwance, na zazzage, na leƙa, na sake zazzagewa. Rana tana aikinta. Ina jin yana cewa, "Mena, yana zuba. Mena, yi sauri." Uwarsa ta rene shi a kan cewa abincin da ya ɗiga ƙasa zunubi ne, ko ɓawon burodi ya faɗi sai ya ɗauka ya sumbata. Da ya gangaro masa a yatsa ya lashe. Ya sake gangarowa.

Lokacin da na ɗago saura rabi. Ya ce ba ya jin ɗanɗanon komai. Na ce ai na sani, 'yan arewa ne. Ya ce amma da sanyi. Ya ci gaba.

Ban kalle shi ba. Tantabaru na yi ta kallo.

Laraba, 29 ga Mayu

Kullum muna fita neman gidan pizzan nan, kullum ba ma samu. Oriella ta fara sa ƙwai da kirim a nasa, ba ta ce min ba, ni ma ban tambaya ba. Na kuma sayo a kwano don safe da yamma. Yau ban ma taɓa takalmi ba, shi ya miƙo hannu, wai kar ya ɓata min riga.

Juma'a, 31 ga Mayu

Nauyinsa bai hau ba, amma bai sauka ba. Likita ta duba sau biyu, ta ce a bar maganar roba tukuna. Na tambaye ta a gefe ko ɗanɗanon zai dawo. Ta ce wasu yana dawowa, wasu kaɗan, wasu babu. Ban gaya masa ba. Ina jin ya sani.

Jakar na nan a bakin gado, na ɗora wanki a kai.

Lahadi, 2 ga Yuni

Yau shi ya ce mu fita. Ya sayi nasa jelaton da kansa, a kofi, da ɗan cokali, sannan maimakon benci ya tsallaka titi. Na ce ina za ka. Ya tura ƙofar Don Catello, ya gaishe shi kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ya ce a kawo marinara ɗaya. Na ce wa zai ci?

"Ke. Ba ni kaɗai ke huda bel ba a ɗakin nan, na ga allurar da kika kama siket da ita."

Na ce ba na jin yunwa. Ya ce in ba zan ci ba shi ma zai ajiye cokali, a ga wanda zai fara faɗuwa.

Aka kawo. Ya gyara zama, ya zuba min ido, ya ce in ci a hankali, yana kallo. Na ninke huɗu. Man ya gangaro min har wuyan hannu. Yana shan nasa, ina cin tawa, ya ce, "Yaya take?"

Na ce, "Ka san ruwan garin nan."

Ya yi dariya har ta sa shi tari. Ya ce shekara arba'in yana aure da ni, ban taɓa iya ƙarya ba, tun wancan Alhamis ɗin fuskata ta tona ni. Ya ce, "Faɗa min dai. Tafarnuwar ta ji wuta?"

Na faɗa masa. Tafarnuwa, da tsamin tumatir, da ɗan ɗacin ƙuna a gefe. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Na cinye har gefen, ban bar komai ba.

Saura mako biyu a gama gashi. Gobe zan mayar da jakar kan durowa, tana tare hanya.

Sai yanzu na tuna ban leƙa ƙarƙashin pizzar ba.